Masarar da Na Raba a Jibiya

Jiya na miƙa makullin babur da katin shaida, na sa hannu a takardar barin aiki. Shekara tara ke nan ina malamin gona a wannan ofis, kuma wasu daga cikinku sun matsa sai na bar wani abu a rubuce saboda yaran da ake ɗauka yanzu. Ba zan tsaya kan yadda ake cike fom ko yadda ake bin kuɗin mai ba, duk kun san su. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a maƙoshi tun 2018, ita zan amayar.

Duk wanda ya san Jibiya ya san daren Lahadi, 15 ga Yuli na shekarar. Da yamma gidajen kallo cike suke, Faransa ta ɗauki Kofin Duniya. Cikin dare ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kafin gari ya waye ya cinye unguwannin Kwata da Ɗan Tudu da Tukare. Sama da mutum 40 suka rasu, wasu gawarwakin ma sai a ƙetaren iyaka aka samo su, domin ruwan nan Nijar yake nufa, ya bi Gulbin Maraɗi. Allah Ya jiƙan su. Manya sun zo jaje, har da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo. Hankalin kowa ya koma kan gidajen da suka rushe, kuma daidai ne. Gonakin bakin gulbi kuwa mu aka bar wa.

Na shiga fadamar bayan kamar kwana goma. Na san wurin tun kafin ambaliya, baƙar ƙasa ce mai riƙe lema, wadda ake ci damina a ci rani. Abin da na tarar sai ka rantse tsakiyar gulbi ne lokacin bazara. Yashi fari fat, ya shafe kunya ya shafe iyaka, nan da can kan gero ya leƙo kamar mai neman a ciro shi. Ina da wani ƙarfe da maƙeri ya yi mini, mai baki kamar cokali, da shi nake zaƙulo ƙasa. A wata gonar taƙi ɗaya na taɓa laka. A wata sai da ƙarfen ya nutse kamu guda da ɗoriya, har yanzu yashi yake fitowa. Na rubuta duka a ɗan littafin aljihuna, gona bayan gona, kuma a cikin aljihun suka zauna.

Watanni kaɗan kafin wannan, an kai mu wata bita a kan farfaɗo da noma bayan bala'i. Misalin da aka fi daɗewa a kai shi ne yankin Aceh na Indunisiya, bayan igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004. Teku ya hau kan gonakin shinkafa na bakin gaɓa, ya bar gishiri da taɓo da tarkace, ya toshe magudanan ruwa. An ji tsoron ƙasar ta mutu na shekaru masu yawa. Amma ruwan saman da ke sauka a can ya ninka namu fiye da sau biyu, don haka inda aka buɗe magudanai, ruwan ya wanke gishirin ya fice da shi, gonaki da yawa suka dawo da wuri fiye da yadda aka zata. An kuma nuna mana yadda aka riƙa biyan mutanen ƙauye kuɗin ƙwadago su share gonakinsu da hannunsu, su samu na cefane, ƙasa kuma ta buɗe.

Shugabanmu abu ɗaya ya ɗauko daga bitar nan: a mayar da manomi gona da gaggawa. Ya maimaita shi har ya zame masa waƙa. Ni kuma na ji daɗin maganar, don tana da daɗin ji. Babu wanda ya tsaya ya ce su gishiri ne ya dame su, gishiri kuwa ruwa na narkar da shi. Mu yashi ne, kuma ruwa ne ya kawo shi, ba zai zo ya kwashe mana ba. Darasin da ya dace da mu, na biyan mutane su kwashe abin da ya binne gonarsu, shi muka baro a zauren taro.

Kayan tallafi ba su iso ba sai bayan Babbar Sallah, a makon ƙarshe na Agusta. Da aka buɗe motar sai ga irin masara da buhunan takin zamani. Gabana ya faɗi. Ko yaron da ya fara bin babansa gona ya san daminar Katsina: ta kankama a Yuni, ta cika a Agusta, Satumba na ƙarewa tana naɗe tabarmarta. Masara mafi saurin nuna tana son kwana 80 zuwa 90. Ga ta da ci, ga ta da sha. Yashi kuwa ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe taki, abin da ka zuba yau ruwan gobe zai tafi da shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa.

Na faɗa wa shugaba, a cikin mota, a hanyarmu ta dawowa Katsina. Na ce, "Ranka ya daɗe, masarar nan ba za ta kai ba. Da za a mayar a canzo wake, ko a ajiye ta sai rani." Bai ko juyo ba. Ya ce an riga an saya, masu ba da kuɗi suna jiran rahoto ƙarshen Satumba, kuma ba a ɗauke ni aiki don in koya masa noma ba. Direba ya ƙara sautin rediyo. Na yi shiru. Washegari aka kawo takardar rabo, a ƙasanta akwai layin da ke cewa ma'aikacin fili ya tabbatar irin ya dace da ƙasa da lokaci. Na sa hannu.

Ranar rabo, a ƙofar gidan mai unguwa, wani dattijo ya ja ni gefe. Na san shi, ina yawan zama a gindin mangwaron gonarsa. Ambaliya ta tafi masa da sa ɗaya cikin shanun huɗarsa biyu, ta tafi da awakin matarsa gaba ɗaya. Ya ɗebi irin a tafin hannu yana juya shi, ja ne saboda maganin da aka shafa masa.

Ya ce, "Malam, masara a wannan lokacin? A kan yashi?"

Na ce, "Baba, irin zamani ne, mai saurin nuna."

Ya ce, "Da wake kuka ba mu, ɗana. Ko ku bar mu sai ruwa ya ɗauke, ku taimaka da rijiya da inji."

Na ce, "Baba, a gwada. Ga taki nan an haɗo da shi."

Ya dube ni, ya ɗan jima. Ya ce, "To, ku ne masu ilimi."

Wannan kalma har gobe tana kunnena. Don na faɗa ne ya yarda. Da shugaba ne ya gaya masa, da ya karɓi buhun ya yi godiya ya kai ɗaka ya ajiye. Amma ni ne na zauna a inuwarsa, na sha furarsa. Ya sayar da san da ya rage, ya biya 'yan ƙwadago suka yi masa kunya a kan yashin, ya ƙaro buhun takin yuriya daga kasuwa don kada a ce ya yi wa masarar rowa.

Ta fito kuwa gwanin sha'awa. Kwana goma sha huɗu, kore shar a kan farin yashi. A lokacin aka zo da mai ɗaukar hoto, kuma hoton nan ne yake bangon rahotonmu na shekarar, wasunku sun gan shi a ofishin shugaba. Sati biyu bayan hoton ganye ya fara rawaya daga ƙasa. Ruwa ya ɗauke. Na koma a Oktoba na tarar da kara iya ƙugu, ko goyo bai yi ba, yana karyewa a hannu. Wanda zai ci karan ma an sayar da shi.

Gonar da ke maƙwabtaka da tasa wani magidanci ne ke nomawa, aro aka ba shi. Sunansa bai shiga jerinmu ba, domin mun rubuta masu gona ne, ba masu noma ba. Mai gonar yana zaune a birni, shi ya aiko aka karɓar masa buhu. Wannan bawan Allah da muka tsallake ya je kasuwa ya auno wake tiya biyu ya soka a inda yashin bai yi kauri ba. Bai samu abin a zo a gani ba, amma ya samu na tukunya, ya ɗaure harawa ya sayar da rani. Wanda muka manta da shi ya fi wanda muka taimaka wa tsira. Na daɗe ina juya wannan a raina.

Da masu ba da kuɗi suka turo a duba, aka kira taro. A gaban kowa shugaba ya ce matsalar daga fili take, ma'aikacin da ke wurin bai kawo rahoton yanayin ƙasa ba, ga kuma sa hannunsa. Ya ɗaga takardar. Na buɗe baki in ce na faɗa masa a mota, sai na tuna shaidata direba ne, mai 'ya'ya shida da albashin da bai kai ya kawo ba. Na haɗiye. Aka ba ni takardar tuhuma, aka tsallake ni a ƙarin girma. Shi kuwa shekara na zagayowa aka ɗaga shi zuwa babban ofis. Ban taɓa jin ya ce mini ko da sannu ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na manta ba. Sai dai duk lokacin da na so in ɗora masa kayan gaba ɗaya, sai in ga hannuna a ƙasan takardar. Shi bai taɓa soka ƙarfe a yashin nan ba. Ni na soka.

Na yi wata guda ina kewaye gonar dattijon, in bi ta wata hanya. Ranar da na daure na je, na same shi yana ɗinkin wani tsohon buhu. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ran nan ka san ba za ta yi ba?" Na ce, "Na sani, Baba." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Can ya ce, "Da ka gaya mini." Bai ƙara ba. Ya kira jikarsa ta kawo mini ruwa.

Abin da muka yi daga baya, da ɗan ragowar kuɗin da babu wanda ya damu da shi, manoman ne suka tsara, ni rubutu kawai na yi. Inda yashi bai wuce taƙi ba, aka sa garmar shanu ta nutsa ta juyo baƙar ƙasa ta gauraya. Inda ya yi kauri, aka biya matasan unguwa suka kwashe da amalanke, magina suka saya. Inda ya fi ƙarfin kwasa aka bar shi, aka sa kankana da rogo da gyaɗa, masu shiri da yashi. Aka yi magana da Fulani shanunsu suka kwana a gonakin da rani, aka yi ta jigilar takin gida. A bakin gulbi muka dasa jema da gamba don su riƙe gaɓa. Wani da ke da 'yan'uwa a wajen Maraɗi ya kawo dabarar sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya tofo a gyara shi maimakon a tumɓuke, gawo da kalgo suka fara tasowa. Rijiyoyin fadama kaɗan muka iya haƙawa, amma a rani na uku na ci albasar gonar dattijon nan. Wannan aikin bai shiga bangon kowane rahoto ba, kuma shi kaɗai ne a shekara tara nake iya nuna wa 'ya'yana. Daga baya rashin tsaro ya hana mutane da yawa a yankin zuwa gonakinsu, ban san halin da wasu filayen suke ciki ba, abin yana ci mini rai.

Sauran abubuwan gajeru ne. Duk abin da ka gaya wa na gaba da kai, ka bi shi da takarda, ka riƙe kwafi. In za ka rubuta sunaye, ka tambayi wa ke riƙe da fartanya a gonar, kuma ka shiga cikin gida ta hannun matar mai unguwa, domin asarar mata tana turke ne, awaki da kaji, ba a ganinta daga bakin hanya. Kada ka yi rabo a ƙofar wanda ke neman takara. Irin da ya iso a makare, ka rubuta cewa ya makara, ko da motar tana tsaye ana jiran ka.

Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina. Na nemi a cire ta sau biyu, aka ce wanda ya rubuta ne kaɗai zai iya janyewa. Dattijon ya rasu bara da azumi, na samu zuwa gaisuwa, ɗansa ne ke noman gonar yanzu, har yau da shanun haya. Ƙarfen nan nawa na bar shi a sito, bayan ƙofa, jingine da buhunan siminti. Bakinsa ya ɗan lanƙwashe, wanda ya gaji yankina ya kai wa maƙeri ya miƙe masa.