Lahadi: Ɗan Auta ya ƙi ciyawa

Yau ba makaranta, sai na karɓi tsintsiya daga hannun Sani na ce ni zan share kejin zomonmu, Ɗan Auta. Abin da na tarar a kusurwar da yake kashi bai yi mini daɗi ba. Zomo mai lafiya kashinsa ƙwaya-ƙwaya ne, busasshe, kusan girma ɗaya, in ka murje shi sai ka ga garin ciyawa kawai, ba wani wari. A yini yana iya zubar da fiye da 200. Yau kuwa ƙwayoyin sun ragu, sun ƙanƙance, sun yi baƙi. Ga kuma wasu dunƙulaye masu laushi da sheƙi da ya tattake, har wasu sun manne masa a gashin ƙarƙashin wutsiya. Warin kuwa sai wanda ya ji.

Dalilin a fili yake. Tun da sanyi ya shigo kayan lambu suka yi araha, ƙanen maigida da ke saro kaya a Jiratawa yana ajiye mana ganyen shu da salati da karotin da suka kakkarye. Yara sun mayar da ciyar da zomo wasa, duk wanda ya gifta sai ya miƙa masa wani abu. Hajiya ma, da ba ta iya ganin dabba da ciki a lafe, tana ɗibar masa dusa daga ta ragonta. Ciyawar da na zuba masa shekaranjiya tana nan yadda take. Wa zai kula busasshiyar ciyawa alhali ga karoti?

Hajiya ta leƙo ta ce, "'Yar nan, ai zawo ne. Aiki Sani wajen mai tebur ya sayo kafso a jiƙa masa."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zawo ba ne. Kafson mutane kuma kashe shi zai iya yi."

Sai da na zaunar da ita na yi mata bayani. Zomo kashi iri biyu yake yi. A cikinsa akwai wani babban aljihun hanji cike da ƙwayoyin halitta masu amfani, su ke narkar masa da ciyawa. Daga can wannan mai laushin ke fitowa, yawanci cikin dare ko da asuba, shi kuma sai ya lanƙwasa ya karɓe shi da baki tun bai faɗi ƙasa ba, ya haɗiye. A ciki yake samun bitamin B da sinadarin gina jiki. Shi ya sa mai kiwon zomo ba kasafai yake ganinsa ba. In ka gan shi zube, to abinci mai zaƙi da mai gari ya yi masa yawa, ko kuma ƙiba ta hana shi kai baki wurin. Zawo na gaske ruwa ne tsululu, ba ƙwaya ko ɗaya, kuma yana saurin kashe 'ya'yan zomaye. Magunguna irin su amoksisilin da fenisilin, in aka ɗura wa zomo ta baki, waɗancan ƙwayoyin masu amfani suke hallakawa.

Duk wannan dogon bayani abu ɗaya Hajiya ta riƙe. Ta ce, "A'uzubillahi! Dabbar da ke cin kashinta kuka ajiye wa jikokina?" Sani ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Kafin azahar na ɗumama ruwa na wanke masa wurin da ya ɓaci kawai, na goge shi sosai saboda iskar hunturu. Ba a barin wannan ƙazanta a jikinsa, ƙudaje na iya yin ƙwai a wurin, tsutsa ta shiga fata. Na kwashe dusar da karotin, na cika masa kejin da busasshiyar ƙyasuwa, na canza ruwan sha. Harawa kaɗan na sa. Yana son ta ƙwarai, amma harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam da yawa, zomo kuma ta fitsari yake fitar da rararsa, shi ne farin nan kamar alli da ke bushewa a ƙasan keji. Kaɗan ba komai ba ne, sai in ya yi kauri. Ciyawar kuma ba don ciki kaɗai ba: haƙoransa ba sa daina tsiro, taunar ce ke rage su.

Ganye zan mayar masa, amma iri ɗaya-ɗaya, kaɗan-kaɗan, cikin mako ɗaya ko biyu. Haka ma ya kamata a yi in damina ta faɗi ɗanyar ciyawa ta fito.

Ya wuni yana fushi a lungu, ya juya mana baya. Na yi ta leƙa shi, don abin tsoron ba taushin kashi ba ne, rashinsa ne. Zomo ba ya amai, in cikinsa ya tsaya, ya kai awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, sai likitan dabbobi ba jira. Bayan la'asar yunwa ta sauke masa girman kai, na ji ƙurus-ƙurus. Da magariba na ga sababbin ƙwayoyi, ƙanana har yanzu, amma busassu.

Na gaya wa Sani gobe kada ya share sai na duba kafin in fita. Wanda na kwashe yau na zuba a gindin zogale. Da Hajiya kuwa mun yi sulhu bayan isha'i: dusa ta rago ce, ita kuma na yarda ta riƙa ba Ɗan Auta yankan karoti ɗaya ranar Juma'a, tun da ta ce sadaka ce.