Hoton da ya girmi labarinsa

Yau a aji na nuna wa ɗalibaina wani hoton ambaliya da ke yawo a WhatsApp, wai jiya abin ya faru. Kowa ya yarda, har da masu rantsuwa. Na ce su ɗora shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, su nemo inda ya fara fitowa. Can sai wata yarinya ta ɗago kai jiki a sanyaye, ta ce, "Malam, ashe tsohon hoto ne. Ni kuwa da safen nan na tura wa mamata."

Wallahi maganar ta tsaya min a rai. Tausayi ne ya sa ta tura, kuma da shi masu ƙirƙirar ƙarya ke kama yaran nan. Ina ganin sai mun ƙara ba da lokaci ga duba kwanan wata da asalin labari a darasinmu.