Daina danna sikirin da ka, kamo tagar da lambarta

Wani abu da nake yawan gani wajen matasanmu masu koyon rubuta manhaja a nan Katsina, musamman masu aiki a kafe da bizines santa, in aka ce su sa shirinsu ya riƙa cike fom a cikin wata manhajar daban, sai su sa maus ya je wani wuri a sikirin ya danna sannan ya buga haruffa. Yana yi kam, amma ranar da aka canza monita ko wani ya ɗan ja tagar manhajar (window) gefe, sai ka tarar lambar wayar kwastoma ta faɗa gurbin suna, kuma ba wanda zai lura sai an zo firintin. Kaman ka aiki yaro ne ka ce ya ba wanda ke zaune a bakin ƙofa, ba ka faɗa mishi sunan mutumin ba.

Alhali Windows ta ba kowace taga lambarta, HWND ake ce mata, kuma a tsofaffin manhajoji ba babbar tagar kaɗai ba, hatta maɓalli da akwatin rubutu kowanne taga ne mai lambarshi. Da wani umarnin Windows mai suna FindWindow kake nemo babbar, yana cikin fayil ɗin user32.dll, in da yaren C# kake rubutu ka jawo shi da DllImport, in Python ne laburaren pywin32 ya wadatar. Ka fi dogara da sunan ajin tagar (class name, wato sunan nau'inta) akan rubutun da ke samanta, don wannan rubutun canzawa yake, dubi Notepad, kana buɗe wani fayil sunan saman ya sauya. Spy++, wata ƙaramar manhajar leƙa tagogi da ke zuwa da Visual Studio, zai nuna maka ajin, kawai ka ja alamar ka ɗora kan tagar. Daga nan FindWindowEx ko EnumChildWindows ya fito maka da ƴaƴanta, wato maɓallai da akwatunan rubutun da ke cikinta, ka tura saƙon WM_SETTEXT da umarnin SendMessage rubutu ya shiga akwatin, ka tura BM_CLICK maɓalli ya dannu. Kuma dan Allah kar ka adana lambar a fayil, duk sanda aka rufe manhajar aka sake buɗewa sabuwa ake ba ta.

SendMessage jira yake sai manhajar da ka tura wa saƙon ta amsa, to in waccan manhajar ta sandare, irin tsofaffin kwamfutocin da ake fama da su a shaguna, taka ma ta sandare kenan, shi ya sa ni SendMessageTimeout nake sawa, shi in lokacin da ka ba shi ya cika sai ya daina jira.

Abin da ya fi sa mutane ciwon kai shi ne su ga komai daidai amma saƙon bai isa ba. Tun Windows Vista da ta fito a 2007 aka sa shinge, manhajar da ke ƙasa a izini ba ta iya tura irin waɗannan saƙonni ga wadda aka buɗe a matsayin admin, in ka duba GetLastError, mai faɗa maka lambar kuskuren da ya faru, sai ka ga 5, wato an hana ka izini. Ni ban ga laifin Microsoft ba wlh, in babu shingen nan kowace ƙaramar manhajar banza sai ta riƙa danna maɓallai a tagar admin. SetForegroundWindow, mai fito da taga gaba, shi ma da nashi shingen, sau da yawa tagar ba za ta fito gaba ba, sai dai alamarta ta yi ta ƙyalli a ƙasan sikirin.

Sai kuma Chrome da ire-irenta, su da kansu suke zana abin da ke cikinsu, Spy++ ba zai nuna maka maɓallai ba sam. Nan sai UI Automation, wata hanyar Windows ta gano abubuwan da ke cikin taga, ka duba da manhajar Inspect da ke cikin Windows SDK, a laburaren Python na pywinauto kuma ka zaɓi uia maimakon win32. Ɗaya daga cikin hanyoyin da manhajojin karanta wa makafi sikirin irin su NVDA da Narrator ke bi kenan, kowane abu ka same shi da sunanshi, ko an ja tagar can ƙurya.