Abin da kalmomin da suka fara da "al" suka koya min a aji

Duk wanda ya taɓa koyar da Turanci a lesin na yamma ya san irin jerin kalmomin nan da ake ba ɗalibai masu shirin WAEC da JAMB, wai kalmomi masu farawa da haruffa kaza, kowace da ma'anarta a gefe, a ce su haddace. Yaranmu kuwa wajen hadda ba a magana, tun daga makarantar allo suka saba, za su kawo maka ita tsaf ranar Litinin amma kafin Juma'a ta zube.

Jerin da na ga ya zauna musu a ka shi ne na masu farawa da "al", kuma dalilin bai wuce cewa da yawansu daga Larabci Turawa suka aro su ba, suka haɗa da "al" ɗin gaba ɗaya, kamar dai yadda muka yi da albasa da alkama da almakashi da alƙalami da aljihu. Da zarar na faɗi haka sai ka ga ajin ya farka.

Ɗauki alcohol, wanda kowa ya sani da giya ko sinadarin da ke sa maye a cikinta. Asalinsa alkuhl ne, wato kwalli, e kwallin da mata ke sawa a ido. A Turai an fara kiran duk wani gari mai laushi sosai da sunan, daga nan ya koma duk abin da aka tace aka fitar da ainihinsa, a hankali ya tsaya a kan abin da aka tato daga giya. Yara ba sa yarda da farko, sai sun duba ƙamus a waya sannan su yi shiru.

Alkali kuma duk ɗan Bahaushen da ya fara cin karo da shi a littafin kimiyya alƙalin kotu yake fara tunawa, alhali babu abin da ya haɗa su. Daga wata kalmar Larabci ta daban, alƙalyu, mai nufin tokar wasu tsirrai ya fito, kuma ai mun san aikinta, ruwan toka da iyayenmu ke tacewa su yi sabulun salo ko su zuba a miya, shi ne dai kishiyar asid ɗin da ake ta fama da shi a aji. Har alamar K ta sinadarin potassium daga kalium take, shi ma daga wannan tushen. Alchemy kuwa, wato tsohuwar sana'ar neman mayar da ƙarfe zinariya, ɗan uwan kalmar kimiyya ne da muke faɗa kullum.

Wanda na fi jin daɗin koyarwa shi ne algebra. Aljabru a Larabci haɗa abin da ya karye ne, har ɗorin ƙashi ana kira da shi, kuma Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya sa kalmar a sunan littafin lissafinsa da ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 zamanin halifa Ma'amun, aka fassara shi zuwa Latin a Sifaniya a 1145. Sunan malamin da kansa da bakin Turawa ya lanƙwasa shi ne ya zama algorithm, wannan da 'yan TikTok ke zagi kullum wai ya ɓoye musu bidiyo.

To amma fa a nan matsalar take, don da yaro ya ji daɗin abin sai ya mayar da duk wata "al" Balarabiya. Always da already da also da although duk daga all suke, Turanci ne tsantsa. Alarm daga Italiyanci ne, kiran sojoji ne su ɗauki makamai. Album daga Latin, farin allo da ake rubutu a kai. Alligator daga yaren Sifaniya, ƙadangare kawai suke nufi, alphabet kuma haruffa biyun farko na Girkanci ne aka manna. Shi ya sa ni dai ban ga amfanin jerin da haruffa kaɗai suka haɗa shi ba, ƙamus ya riga ya yi wannan aikin.

Yanzu idan na rubuta jerin a allo cakuɗa su nake yi, in ce su ware min na Larabci daga sauran kafin mu taɓa ma'ana, su yi ta musu a junansu, masu zuwa Islamiyya su ne kan gaba. Alcove ce ke yawan kayar da su, ɗan lungu ne da ke shiga cikin bangon ɗaki, suna ta kai ta layin Latin, alhali daga alƙubba take.