Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daga Kartaj zuwa Mahdiyya

A makon jiya na tsaya a inda ni da mai ɗakina muka ɗauki hayar mota a Tunis, babban birnin ƙasar Tunisiya, da niyyar bin gaɓar teku zuwa kudu. Da Kartaj muka fara, kuma gwiwata ta yi sanyi da abin da na gani. Birnin da ya taɓa girgiza daular Rum, har Rumawa suka rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yau tashar jiragen yaƙinsa mai siffar zobe ta koma ɗan tafki a tsakanin gidajen masu hali. Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, to ina duwatsun suka tafi?" Na gaya mata cewa ginshiƙan marmara da yawa da muka gani a Masallacin Zaituna daga wannan kango aka ɗebo su, kuma tambayar tata ce ta riƙa bin mu har ƙarshen tafiyar.

Tsakanin Tunis da Susa kimanin kilomita 140 ne a kan babbar hanya. A wajen ganuwa muka ajiye motar, domin lungunan tsohon garin ba na mota ba ne, sannan muka hau hasumiyar ribaɗi, wato sansanin masu gadin gaɓar teku, wadda aka gina a shekara ta 821. Na daɗe a can sama ina kallon ruwan da alƙali Asad bin Furat ya ratsa da rundunarsa a shekara ta 827 zuwa tsibirin Sikiliya, ina mamakin malamin fikihu da tsufa bai hana shi hawa jirgin yaƙi ba.

Washegari muka bar teku muka shiga gonakin zaitun, sai ga filin wasan Aljam ya bayyana tun daga nesa, ya fi duk gidajen garin tsawo. Rumawa sun gina shi wajajen shekara ta 238 da arzikin man zaitun, kuma yana ɗaukar mutum kusan 35,000. Girmansa ya burge ni, amma da muka sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, inda ake tsare namun daji da mutanen da za a tura su fafata a gaban 'yan kallo, sai tausayi ya kama ni. Gefe guda na bangon ya zube, kuma a da can mutanen garin sun daɗe suna kwasar duwatsunsa suna gina gidaje.

Da la'asar muka isa Mahdiyya, wadda halifofin daular Faɗimiyawa suka mayar fadar mulkinsu a shekara ta 921. Muka shiga da ƙafa ta doguwar ƙofar nan mai duhu, Sakifa Kahla, muka bi gari har ƙarshensa, inda fararen kaburbura suka gangara zuwa bakin ruwa, masunta kuma suna ɗaure kwale-kwalensu a tsohuwar tashar da aka sassaƙa cikin dutse. Muka yi wa mamatan addu'a, muka zauna har aka kira sallar magariba.