Teburin da ke sa uba ya tsuguna

Mu shida ne a kamfanin, kuma aikinmu haɗa na'urorin taɓawa a gidajen tarihi da na kimiyya: allon da ake latsawa, maɓallin da ke kunna murya, teburin da hoto ke motsi a kansa in an ɗora hannu.

Farkon shigata sana'ar, a zatona yaro kaɗai nake yi wa aiki. Na'urarmu ta farko allo ne na mutum ɗaya, da abin sawa a kunne. Na tsaya daga nesa ina kallo: yaro ya dulmuya, uwa ta ja gefe tana danna wayarta, ƙanwa tana kuka don layi bai zo kanta ba. Na'ura lafiya lau, amma iyali sun shigo tare sun fita tare, ba wanda ya ce da wani uffan. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Yanzu tebur muke yi, gajere, wanda mutum huɗu za su kewaye. Da gangan muke tsara wasan yadda hannu biyu ba za su isa ba. Idan ana haɗa ƙasusuwan wata dabba, sai wani ya riƙe kashin baya kafin wani ya jona ƙafa. Dole yaro ya kira babansa, dole baban ya tsuguna. Rubutu kuwa layi biyu, galibi tambaya, don babba ya karanta a bayyane ba tare da ya ji kunyar rashin sanin amsa ba. Iyaye na gudun abin da zai tona asirinsu gaban 'ya'yansu, wannan na daɗe da ganewa.

Ba mu muka fara ba. Tun 1969 masanin kimiyya Frank Oppenheimer ya buɗe gidan kimiyya na Exploratorium a San Faransisko ta Amurka, inda taɓa kaya shi ne ƙa'ida, har wurin ƙera na'urorin ya bar shi a fili baƙi na gani. Wannan na ƙarshen nake sha'awa, domin rabin aikinmu gyara ne. Yara ba sa latsa maɓalli, dukansa suke yi.

Idan mun je duba tebur, nakan riga mai shara zuwa. Gilashin nake dubawa. In shatin ƙananan yatsu kaɗai na gani, sai mu koma mu sake tsari. In akwai manya a cakuɗe da su, sai in ce a goge.