Karatun kwanso: inda na tsaya a wata na biyar

'Yan'uwa masu koyo, watan nan sau biyu na faɗi jarrabawa, kuma da faɗuwar zan fara, don ta fi duk abin da na ci amfani.

Ga wanda bai san mafarin ba, shekarun baya aiki ya kai ni kwas a Firitoriya ta Afirka ta Kudu, inda na saba da wani dattijo makanike, maharbi ne da ke haɗa harsasan bindigarsa da hannunsa. Can dokarsu ta shekarar 2000 ta yarje wa mai lasisi ya haɗa harsashin bindigar da aka ba shi izini. Nan gida kuwa dokar bindigogi ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa harsashi a gidansa, saboda haka ni a Kubwa ba na auna albarushi, ba na kuma shawartar kowa ya taɓa. Abin da na dawo da shi karatu ne kawai: a ba ka kwanson harsashin da aka riga aka harba, ka duba gindinsa, ka faɗi abin da ya faru a cikin bindiga. Duk mako malamin nawa kan turo hotuna ta WhatsApp, ni kuma in zauna bayan isha'i in yi ta zuƙo su a waya.

Kafin a gane me ake nema, sai an san girman abin da ake magana a kai. Mai faci kan sa wa tayar ƙaramar mota iska kamar 32 a gejinsa. Da wannan ma'aunin dai, hukumar SAAMI ta Amurka mai tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai, wadda aka kafa a 1926, ta sa iyakar matsin da ke tashi in aka harba harsashin .308 Winchester a 62,000, na .30-06 kuma 60,000. Kusan ninki dubu biyu na iskar taya kenan, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma tazarar da ke tsakanin wannan wuta da kuncin maharbi ba ta kai kamu ɗaya ba. Abin da ke toshe ta kada ta dawo baya shi ne kwanson tagulla, jan ƙarfe kashi 70, tutiya kashi 30. Tagulla ta fi ƙarfen bindiga laushi, shi ya sa duk abin da ya same ta a ciki sai ta fito da tabonsa.

Hoton farko gindin kwanso ne, ɗan maɓallin nan na tsakiya da allurar bindiga ke bugawa wuta ta tashi, wanda ni nake kira ido, ya baje tas. A sabon harsashi gefen idon a zagaye yake, akwai ɗan kwari tsakaninsa da tagullar da ke kewaye da shi. A wannan kuwa kwarin ya cike, kamar an bi ta kai da dutsen guga. Ban ko yi dogon tunani ba na rubuta masa cewa matsi ya yi yawa. Amsar da ya turo ba ta wuce layi ɗaya ba: kwanson ne ya yi wa ɗakin bindigar gajarta.

Sai da na kwana biyu ina juya maganar kafin ta zauna mini. In kwanso yana da wurin wasa a cikin ɗaki, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu, allura na bugawa sai ya zame gaba. Wuta na tashi, idon ya ɗan leƙo baya tunda babu abin da ya tare shi. Daga nan matsi ya maido da kwanson baya da ƙarfi, ya danne idon da ya riga ya leƙo, ya baje shi. Albarushi daidai, matsi daidai, amma ido ya fito kamar na harsashin da aka cika wa ciki. Ga kuma bambancin kamfani, wani idonsa laushi, wani tauri. Haka ramin da allura ke bari a ido: in ka ga bakinsa ya tashi kamar bakin tulu, yana iya zama matsi, yana kuma iya zama ramin da allurar ke fitowa ne ya yi faɗi. Ido dai shaida ne, amma irin wanda alƙali ba ya yanke hukunci da maganarsa shi kaɗai.

Faɗuwa ta biyu ta fi ciwo, don a nan na wanke mai laifi. Ido lafiya lau, gefensa a zagaye. Na ce babu komai. Sai ya ce in koma in karanta rubutun da ke gindin kwanson. Da na zuƙo sosai, ga wani ɗan tabo mai sheƙi kamar jinjirin wata, ya haye kan harafi ɗaya har ya shafe rabinsa. A fuskar sakatar bindiga, ƙarfen nan da ke kulle harsashi daga baya, akwai ɗan rami inda fegin da ke tunkuɗo kwanso waje yake zaune. In matsi ya kai inda tagulla ta fara malala, sai ta kutsa cikin ramin, in aka ɗaga sakata kuma sai ta karce ta, ta bar wannan sheƙin. Ya ce ranar sai da ya sa tafin hannu ya buga kafin sakatar ta ɗago. To wannan ba shaidar da ake musu da ita ba ce. Tagulla ta malala, sakata ta yi nauyi, a ajiye bindiga.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne dalilin. Awon albarushi ɗaya ne da wanda ya gwada a Yuli, lokacin sanyinsu, ba tare da wata alama ba. Ya sake harba shi a Disamba, bayan akwatin harsasan ya sha rana a bayan mota. Zafi na ƙara wa albarushi saurin ci, matsi ya hau. Nan take na tuna yadda wasunmu ke barin harsashi a gaban mota cikin zafin Maris na Abuja, lokacin da sitiyari ma ba ya taɓuwa.

Ga abin da na ɗauka shi ne ainihin darasin wata biyar ɗin nan, kuma na san wasu ba za su so shi ba. Mutane na ɗaukar alamomin nan kamar fitilar mai a mota, wadda ke kamawa tun da sauran tafiya. Ba haka ba ne. Kafin tagulla ta malala, galibi an riga an haye iyakar da aka gindaya. Wanda ke cewa zai yi ta ƙarawa har ya ga alama sannan ya ja baya kaɗan, yana iya ja da bayan nan kuma har yanzu yana tsaye a gonar wani. Shi ya sa malamin nawa ya fi gaskata na'urar auna gudun harsashi fiye da idonsa. In gudun ya wuce abin da littafin masu albarushin ya nuna, ba baiwa ce bindigarka ke da ita ba, matsi ne ya biya kuɗin. Yana kuma auna faɗin gindin kwanso da maikuromita, ma'aunin ƙananan kauri, kafin harbi da bayansa, sannan in ya zo sa sabon ido ya ji ya shige ba tare da turjiya ba, ya san ramin idon ya buɗe, kwanson ya gama aiki. In kuwa aka kai ga ido ya huje, ko ya fice gaba ɗaya ya bar baƙin hayaƙi a gindi, wannan ba karatu ba ne kuma, godiya ce ga Allah da ido na gaskiya ya tsira.

Sauran dalilan ba sa buƙatar dogon bayani: kwanso ya yi tsawo har bakinsa ya matse kan harsashi, ko an dasa kan harsashin ya tokari zanen cikin bututu, ko an musanya albarushi da wani mai saurin ci. Ɗaya kawai zan ƙara, don ya taɓa ruɗa ni. Mai da aka bari a ɗakin bindiga kan hana kwanso kama bango, sai duk ƙarfin ya koma kan sakata, tabo ya fito alhali awo bai wuce ba. Masu son shafe bindiga da mai har ciki, ku ji.

Yanzu ga inda karatun ya same mu. Yawancinmu bindiga mai baki biyu muke da lasisinta, lamba 12, kuma iyakar harsashinta mai tsawon milimita 70 ba ta wuce 11,500 ba. A wannan matsin gindin kwanso ba ya nuna abin kirki, kuma bututunta siriri ne, yana iya tsagewa kwanson na nan kamar sabo. Na ɓata mako guda ina duba kwansunan da na tara daga farautar bara, ban karanto komai ba. Dubawar tamu kafin harbi take. A karanta tsawon da aka rubuta a jikin bindiga, kada a cusa harsashi mai milimita 76 a ɗaki mai 70, don zai shiga lafiya, sai dai bakinsa ba zai sami wurin buɗewa ba. Kada lamba 20 ya kwana aljihu ɗaya da lamba 12, don ƙaramin kan zurma cikin bututu ya maƙale, a ɗora babba a bayansa. Sannan a karya bindiga a leƙa haske. Tawa da ta yi damina a rataye, zanzaro na samu ya gina ɗakinsa na laka a bakin hagu, har ya bushe ƙam.

Asabar ɗin da ta wuce na je wajen Kwali gun wani tsohon mafarauci da muke kira Baba, na kwashe duk wannan na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya jawo bindigarsa ta toka, ya zaro sandar ɗurin ya miƙo mini. Akwai zane biyu da aka yi da wuƙa kusa da kanta.

"Baba, wannan fa?"

"Na sama, ciki babu komai. Na ƙasa, ɗuri ɗaya. In na zura na ga na ƙasan ya tsaya sama da baki, to na manta na ɗura sau biyu. Kai kana jira sai an harba ka karanta, ɗana. Ni wa zai ba ni kwanso?"

Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da wani guntun bututu da ya tsage ya buɗe kamar ɓawon ayaba. Na wani yaro ne, in ji shi, da ya farke harsashin kanti ya juye albarushinsa a bindigar toka, yana ganin ai albarushi albarushi ne. Na kanti ba ya hayaƙi, kuma matsin da yake haifarwa ya fi ƙarfin irin wannan bututu nesa ba kusa ba. Yatsu biyu yaron ya bari a wurin.

Hoton wannan makon ya shigo tun shekaranjiya. Kwanso ne mai wani siririn zobe mai haske a jikinsa, ɗan sama da gindi, ido kuma lafiya. Zuciyata na ce mini ba matsi ba ne, tagullar ce ta miƙe ta yi siriri a wurin tana shirin rabuwa biyu, amma bayan abin da ya same ni sau biyu, na ce ya fara zura waya mai lanƙwasa a ciki ya gaya mini ko ta maƙale a wani kwari. Har yanzu bai amsa ba.